Ina Zan Kai Amaryata Mu Sha Iskar Dutse?

Wani matashi daga unguwar Tumfure a Gombe ya aiko da wannan tambaya: "Malam, watanmu takwas da aure. Tun da aka kawo ta ba mu taɓa samun yini ɗaya mu kaɗai ba, gida kullum da baƙi, ni kuma daga safe har dare ina shago. Ta ce tana son mu je wani ƙaramin gari na kan dutse mu yi kwana biyu, irin waɗanda take gani a waya. Kuɗina ba su kai na Obudu ko Mambila ba. A nan kusa akwai inda ya dace? Yaushe ya kamata mu je, kuma me zan shirya?"

Ƙanena, Allah ya sanya albarka a aurenku, ya kuma saka maka da alheri da ka ɗauki maganarta da muhimmanci. Akwai inda ya dace, kuma ba zai kai ka ga kwanan hanya ba. Ka kai ta Tula, a ƙaramar hukumar Kaltungo. Na yi shekaru ina aikin binciken ruwa da haƙar rijiyar burtsatse a kudancin Gombe, tsakanin Billiri da Kaltungo da Shongom da Balanga, na kwana a ƙauyuka da dama na yankin, na kuma hau da iyalina Tula sau biyu. A kan wannan zan ba ka amsa.

Amma tun kafin ka gaya mata sunan garin, ka zauna da ita ku daidaita abin da za ku je nema. Wuraren da take gani a waya an gina su ne domin baƙi: ɗaki mai gilashi yana kallon kwari, ma'aikaci yana kawo shayi, ruwan zafi a banɗaki. Tula garin manoma ne. Mutanensa ba su zauna a can don wani ya zo ya huta ba, gidansu ne tun kaka da kakanni, da gonakinsu da kasuwarsu da masallatai da coci-coci. Abin da garin zai ba ku shi ne shiru, da iska mai tsabta, da nisan gani, irin wanda mutum zai zauna a bakin dutse ya hango ƙauyuka a ƙasa kamar an watsa tsaba. Sauran jin daɗin, wato abinci mai kyau da wurin kwana mai tsabta da tafiya ba gargada, kai ne za ka ɗauko shi daga gida ka tafi da shi. Wanda ya gane wannan ya dawo da labari mai daɗi. Wanda bai gane ba, ya kai 'yar mutane ta sha wahala, ta dawo tana ciwon ƙafa da ɓacin rai.

Daga Gombe za ka kama hanyar Yola, ka wuce Kumo, ka wuce Billiri, ka shiga Kaltungo. Bayan Kaltungo ne za ka bar babban titi ka fara hawa. Gaba ɗaya tafiyar wajen kilomita 100 ce. Tun kafin ku isa Kaltungo ka ce mata ta riƙa duba taga, domin a nan ƙasa take fara canzawa. Shimfiɗaɗɗen fili ya ƙare, duwatsu sun fara tasowa, a cikinsu kuwa akwai wanda ba ya ɓuya, dutsen Tangale mai tsini, tsaye shi kaɗai kamar an kafa turmi a kife. Wannan dutsen asalinsa narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare a maƙogwaron tsohon dutse mai aman wuta. Iska da ruwan sama suka cinye abin da ke kewaye da shi a tsawon zamani, shi kuwa da yake ya fi tauri sai ya rage a tsaye. Shi ya sa siffarsa ta bambanta da ta tudun Tula. Tula kan dutsen yashi take, irin wanda masana ƙasa suke kira da sunan Bima, sunan da aka ɗauko daga dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa. Yashi ne da tsofaffin koguna suka jibge, ya danne juna har ya zama dutse. Idan ka shafa shi da tafin hannu za ka ji ƙwayoyin yashin, wani wuri ja, wani wuri fari-fari, a jere hawa-hawa. Irin wannan dutse shi ne yake yin saman tudu a baje da gefe a tsaye kamar bango, shi ne kuma ruwa yake rarakewa ya bar koguna da ramuka a jikinsa.

Abin da na fi so mutum ya tsaya ya kalla a Tula ba kogon dutse ba ne, ko da yake shi aka fi ambata. Gonakin gangare ne. Mutanen wurin sun tsince duwatsun da ke gangaren, suka jera su layi-layi a kwance, kowane layi ya tare ƙasa ya zama ɗan dandamali, wani bisa wani kamar matakala. Ruwan sama idan ya sauko da gudu sai jerin dutsen ya karya masa ƙarfi, ya tsaya ya nutse, ƙasar noma kuma ba ta bi shi zuwa kwari ba. Ba siminti, ba injin, hannu ne kawai da haƙuri na zuri'a bayan zuri'a. Ni da na karanci zaizayar ƙasa a aji, sai da na tsaya gaban wani dattijo yana gyara jerin dutsen gonarsa, yana juya kowane dutse har sai ya sami fuskar da zai zauna daram, sannan na san ilimin da ke wurin ya girmi littafin da na karanta. Ka nuna wa amaryarka wannan. Ma'aurata sababbi suna da abin tattaunawa a gaban aikin da kaka ya fara jika yake ci gaba da shi.

Tarihin garin ma yana da nauyi. Hawa dutse da mutanen suka yi tun asali na tsaro ne, kuma har gobe suna alfahari da cewa mayaƙan da suka taso daga fili a zamanin Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, ba su ci su da yaƙi ba. Doki ba ya hawa irin wannan gangare. Da Turawa suka zo sai suka mai da Tula mazaunin mulkin yankin Tangale-Waja, shi ya sa akwai tsohon gidan yari na zamanin mulkin mallaka a garin. Ƙasar ta kasu uku, Wange da Yiri da Baule, sarkinsu kuma Mai Tula ake ce masa. Suna da harshensu, amma Hausa za ta kai ka ko'ina.

Yanzu maganar lokaci, kuma a nan nake so ka fi natsuwa, domin lokaci shi ne rabin tafiyar.

Zuwana na farko da mai ɗakina a ƙarshen Janairu ne. Na daɗe ina ba ta labarin yadda ake hangen ƙasa daga can sama. Muka hau, muka tsaya a wurin da na saba tsayawa, babu abin da muke gani sai fari fat. Hazo ya rufe kwarin gaba ɗaya, rana kamar faifan azurfa, ciyawa ta bushe an ƙone wasu wurare sun yi baƙi, iska kuma tana fasa leɓe. Ta yi haƙuri ba ta ce komai ba, amma na ga ranta bai so ba, ni ma abin ya dame ni. Muka koma a farkon Nuwamba na shekarar da ta biyo, sai ka ce wani gari aka kai mu. Sama garau, duwatsu na nesa shuɗi-shuɗi, gangare kore yana juyawa ruwan zinariya, dawa ta sunkuyar da kai. Muka shimfiɗa darduma a kan wani falalen dutse da hantsi. Daga can ƙasa muna jiyo sautin tabarya a turmi, mata biyu suna lugude, da kukan zakara, da wani yaro yana kiran awaki, kowane sauti yana isowa daban kamar a kunnenka ake yi. Wata tsohuwa ta biyo ta wurin da ƙwarya a ka, ta gaishe mu, ta sauke ta ɗebo mana ɗanyar gyaɗa da aka tuge da safen, ƙasa na manne a jikinta. Mai ɗakina ta ba ta dabino. Mun fi awa biyu a wurin, kuma maganganun da muka yi a ranar, na gidanmu da na yaran da muke fata da abin da ke damun kowa bai faɗa ba, ba mu taɓa samun sararin yin su a cikin gari ba.

Saboda haka shawarata ita ce daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, wato kaka. Ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ganye bai gama bushewa ba, hazo bai sauko ba. Farkon Disamba ma yakan yi kyau idan hunturu ya yi jinkiri. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu sa'a ce, wata rana garau wata rana ƙura. Maris da Afrilu kada ka fara, bazara ce, dutse yana shan rana ya riƙa mayar da zafi har bayan magariba, ba za ku iya zama a kansa ba. Damina kuwa, musamman Agusta da ruwa ya fi ƙarfi, wurin yana da kyan gani ƙwarai, gajimare yana sauka har kan tudu, amma dutsen yashi idan ya jiƙe ya yi gansakuka santsi gare shi, ciyawa ta rufe hanyar ƙafa, ga tsawa a wuri mai tsayi. Ba lokacin kai amarya ba ne.

Kada kuma ka yi mata alkawarin sanyin Jos. Ƙa'idar ita ce duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6 da rabi. Jos tana wajen mita 1,200 daga teku, Mambila ta fi haka, shi ya sa ake sa rigar sanyi a can. Tudun Tula bai kai nan ba. Bambancinsa da Gombe ɗan kaɗan ne a ma'auni, abin da jiki yake ji shi ne iskar da ke kaɗawa ba gini ya tare ta, ba hayaƙin mota, ba zafin kwalta. Da asuba da bayan isha za ta so mayafi mai kauri, da rana kuwa lema da ruwan sha za ta nema.

Wurin kwana shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Ra'ayina a fili yake: kada ka hau dutse da matarka da yamma kana fatan za ka sami ɗaki. Ƙaramin gari ba ya ajiye ɗakuna yana jiran wanda bai yi sallama ba. Ko dai ka kama masauki a Kaltungo, ku kwana a can ku hau da sassafe ku sauko da la'asar, ko kuma idan kana da wanda ka sani ɗan garin, abokin kasuwa ko abokin karatu ko ma'aikacin da aka tura can, ya shirya muku tun da mako guda. Ko wanne ka zaɓa, ka je da kanka ko ka aika wanda ka yarda da idonsa ya duba ɗakin kafin ranar. Na taɓa kama ɗaki ta waya a wani masauki a yankin, aka tabbatar mini komai akwai, na iso da dare na tarar famfo ko ɗigo babu, ƙofar banɗaki ba sakata, janareta kuma an ce sai gobe. Ni kaɗai ne a ranar, na kwana haka. Da da mace nake, da tafiyar ta lalace tun daren farko. Abin dubawa ba shi da yawa: ruwa, makulli, gidan sauro ko taga mai raga, da ko akwai mashaya a harabar da za ta hana ku barci. Ku tafi da zanin gadonku da tawul. Ka kuma ajiye hoton takardar aurenku a waya, wani masaukin yakan tambaya, kuma ba laifi ba ne.

Tunda na ambaci ruwa, bari in faɗi abin da sana'ata ta koya mini. A saman tudu ruwan ƙasa yana da nisa, domin dutsen yashi yana barin ruwa ya zurara can ƙasa ya ɓullo a gindin dutse. Bokitin da aka ajiye maka a gidan da ka sauka, wataƙila wata yarinya ce ta ɗauko shi a ka daga nesa. Ku yi tattalinsa. Ruwan sha kuwa ku saya a Gombe ku cika but ɗin mota, ya ishe ku har dawowa.

Idan kun isa, kada ku wuce kai tsaye ku hau duwatsun mutane. Ka tsaya ka yi sallama, ka tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ka ce kai baƙo ne daga Gombe ka kawo iyalinka ganin gari. Goro ko ɗan abin alheri a hannu ya isa. Minti goma ne, amma bayan su ka zama baƙon gari, duk wanda ya gan ku ya san da zamanku. Ka roƙa a haɗa ka da saurayi ɗan gari ya yi muku jagora, ku yi ciniki tun farko. Shi ya san wace hanya ce mace za ta iya bi, wane kogo ake shiga, wane wuri ne na gargajiya da ba a son baƙo ya taka ko ya ɗauki hoto. Idan ya kai ku wurin zama mai kyau, ka sallame shi da cewa ya dawo bayan awa biyu, zai gane. Hoton mutane kuma, musamman mata a gona ko a rafi, sai da izini. Garin Musulmi da Kirista ne a haɗe, sau da yawa a gida ɗaya. Idan Lahadi ce za ka ji waƙar coci da safe, idan lokacin salla ya yi za ka sami masallaci. Ku shiga da ladabi ga kowa. Game da nuna soyayya a fili, kai Bahaushe ne ka san iyaka, abin da ba za ka yi a ƙofar gidan surukinka ba kada ka yi shi a kan dutsen mutane, domin ko ba ka ga kowa ba akwai mai kiwo da yake hango ka.

Akwai magana ɗaya da ba zan ɓoye maka ba don kada in rage wa tafiyar armashi. Ƙasar Kaltungo ƙasar macizai ce, musamman kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ba banza ba aka kafa asibitin masu saran maciji a garin Kaltungo, wanda ake kawo mutane daga jihohin maƙwabta. Kububuwa ƙarama ce, launinta launin ƙasa, tana kwanciya a tsakanin duwatsu da ƙarƙashin tarin amfanin gona, ta fi fitowa da almuru da dare, kuma lokacin girbi yana cikin lokutan da aka fi samun sara, wato daidai lokacin da na ce ku je. Wannan ba dalilin fasa tafiya ba ne, waɗanda abin ya fi shafa manoma ne da makiyaya masu shiga ciyawa da silifa ko sa hannu cikin dami. Ku sa takalmi rufaffe da safa, ku bi hanyar da aka taka, kada a sa hannu a ramin dutse, a duba wuri kafin a shimfiɗa darduma, da dare kuma ba fita sai da tocila. Idan Allah ya ƙaddara, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya neman mai magani. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa ƙara zubar jini ce. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a sa mutum a mota a nufi asibitin Kaltungo. Idan an yi allurar maganin dafin da wuri ana warkewa.

Mota kuma ka kai ta wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya: birki, ruwan lagireto, tayoyi har da safaya, da jak. Ka cika tanki a Gombe. Wajen saukowa daga tudu ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, kada ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, yana ɗaukar zafi ya daina kamawa. Idan motar haya za ku bi, ku shiga ta Kaltungo daga tasha, daga can ka ɗauki shatar mota zuwa sama, kada ka ɗora amarya a acaɓa a kan gangare. Kuɗi ka riƙe tsaba, da canji ƙanana, sabis ɗin waya yakan ɗauke a wasu lunguna, mai POS kuma ba ko'ina yake ba. Tafiyar dare babu ita, ko zuwa ko dawowa.

Ita kuma amarya, ka ba ta labarin wurin yadda yake don ta shirya kanta. Takalmi mai tsini da leshi mai jan ƙasa a bar su a gida, ko a sa su a jaka don hoto kawai. Doguwar riga mara nauyi da wando a ciki, hijabi madaidaici wanda iska ba za ta riƙa naɗe mata ƙafa da shi ba. Ka tambaye ta a hankali ko akwai juna biyu, wata takwas da aure ba abin mamaki ba ne. Idan akwai, ko ana zato, to hawan ƙafa ya fita daga lissafi, ku tsaya inda mota take kaiwa, kuma ku ji ta bakin ma'aikaciyar asibitin da take awo kafin ku kama hanya. Ka kuma yi tunanin abin da maza suke mantawa: mace ba ta iya tsayawa ko'ina ta kama ruwa. Idan kun yi gaisuwa a gidan mai unguwa, ka bar ta ta shiga cikin gida ta gaisa da matan, ta nan ta sami inda za ta koma idan buƙata ta taso, sau da yawa ma ta fito da ƙawa.

Abinci kada ka bar mata shi, in ba haka ba ka mayar da hutun aikin girki a wani gari. Ka sayi kilishi da dambun nama, burodi, dabino, lemo da ayaba, ka cika fulas biyu, ɗaya shayi mai citta da kanumfari ɗaya ruwan zafi. Abincin rana guda ɗaya mai kyau a kula, wanda ka sa aka dafa ko ka saya, ya wadatar. A kaka za ku sami gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa a bakin hanya. Ledar da kuka ci abu a ciki ku dawo da ita.

Yadda zan tsara maka kwana biyun shi ne ku bar Gombe bayan hantsi ranar farko, ku isa Kaltungo ku sauke kaya ku huta, da la'asar sakaliya ku fita gefen gari ku kalli dutsen Tangale rana tana faɗuwa a kansa. Washegari bayan sallar asuba ku hau Tula, domin hasken safe shi ya fi nuna kwari, kuma kafin rana ta take kun gama tafiyar ƙafa. Kada ka cika yinin da zagaye. Wuri biyu sun isa, tsohon gidan yarin da gonakin gangare, ko kogo ɗaya idan tana da sha'awa, sauran lokacin ku zauna. Na ga masu zuwa suna gudu daga wannan dutse zuwa wancan suna ɗaukar hoto, su sauko ba su yi hirar minti biyar ba. Kai kuma ɗan kasuwa ne, na san wayarka ba ta shiru. Ka bar wa yaron shago amana, ka gaya wa abokan ciniki ba ka nan, ka kashe ta idan kun zauna. Ita ba dutse take nema ba kamar yadda take neman ta same ka ba kowa a tsakani, ka duba tambayarka da kanka za ka ga haka ka rubuta.

Idan ka duba ka ga zancen masauki a can bai kwanta maka ba, akwai wata dabara ta ɓangaren Bauchi. Garin Dass yana zaune a gindin duwatsun Mbula, tafiyar kamar awa guda daga Bauchi, ana iya kwana a Bauchi a je a yini a dawo, a kuma ci masar Bauchi da safe. Ko ku haɗa da Yankari, wadda ba garin dutse ba ce amma an tanadi ɗakunan baƙi. Daga Gombe za ka bi hanyar Bauchi har Dindima ka karya kudu. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, an buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ruwan Wikki kuma, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a cikin dajin, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Mai iyali ya je bakin ruwan da sassafe kafin jama'a su cika. Namun daji an fi ganinsu da rani sosai, lokacin da suke taruwa a kogin Gaji, wato lokacinsa ya saɓa da na Tula. Kuɗinsa kuma ya fi. Idan kuwa aljihu ya yi ƙasa gaba ɗaya, yini guda a Dadin Kowa, ga ruwan dam a kan kogin Gongola ga dutsen Bima yana kallonku, ya fi zaman gida. Amma abin da ta roƙa garin kan dutse ne, kuma a jiharmu Tula ce amsarsa.

Saura mutanen gida. Wani zai ce wannan tsirfa ce, ina aka taɓa ɗaukar amarya a kai ta dutse. Kada ka yi gardama da kowa, kada kuma ka fita a ɓoye. Ka sami Hajiya ka ce za ka kai iyalinka Kaltungo kwana biyu ku ga gari, ka nemi addu'arta, ita ma amarya ta sanar da nata iyayen. Ka bar wa wani ɗan'uwanka sunan masaukin da lambar wanda zai yi muku jagora. Ranar dawowa ku sauko daga tudun tun rana da sauranta, ku yi la'asar a Kaltungo ko Billiri, ka tsaya ka saya wa Hajiya gyaɗa da wake sabon girbi, magariba ta same ku a Tumfure.